Ja da Fari ko Ƙafa Uku: Gardamar Wayoyin Sauti a Falo

Duk wanda ya taɓa juya bayan rediyo mai faifan CD, ko dikoda, ko amfilifaya, ya san 'yan ramukan nan guda biyu, ɗaya ja ɗaya fari. Da su muka tashi. Amma wanda ya ɗan taɓa aljihu ya sayi kayan sauti masu tsada zai tarar da wasu ramukan daban a gefensu, manya, zagayayyu, kowanne da ƙafa uku, irin waɗanda ake gani a gindin makirfon liman ko na mawaƙi. Na farkon su ne RCA, na biyun XLR, waɗanda masu haya da kayan sauti suka fi sani da kanon. Mai shago zai ce maka na biyun su ne "balans", sautinsu ya fi faɗi, ya fi tsabta, kuma ga wayarsu nan a farashin da zai sa ka sake tambaya ko ka ji daidai. Shekaru da yawa masu sha'awar kayan sauti a Turai da Amurka da Japan suna wannan gardama, wasu na rantsuwa da kunnensu, wasu da na'urar awo.

Abin da na fahimta shi ne yawancin gardamar ta taso ne daga ɗora maganar inda ba nan take ba. Ana yi wa waya mai daidaito, wato "balans" ɗin, kallon kayan ƙamshi da ke ƙara wa miya daɗi, alhali magani ce, kuma maganin cuta guda takamaimai. Wanda ke da cutar zai ji bambanci tun daga ƙofar ɗaki. Wanda ba shi da ita zai biya kuɗin magani ne ya ajiye a kan kanta.

Sai an san cutar kafin a gane maganin. Sautin da ke bin waya daga wannan na'ura zuwa waccan ba komai ba ne illa ƙarfin lantarki da ke hawa da sauka. Shi kuwa ƙarfin lantarki ba a auna shi shi kaɗai, kullum tsakanin wuri biyu ake auna shi, kamar yadda ba a faɗin zurfin rijiya sai an san daga inda aka fara saka guga. A wayar RCA akwai siririyar waya guda a tsakiya, ita ke ɗauke da sautin, sai raga ta tagulla da ta lulluɓe ta. Ragar nan aiki biyu aka ɗora mata. Ita ce garkuwar da ke tare hayaniyar waje, kuma ita ce bakin rijiyar, wato inda na'ura mai karɓa ke fara awo. Ban da haka, ita ce ke haɗa jikin na'urar farko da jikin ta biyu.

A nan matsalar take. Na'urori biyu da ke jone da wutar gida ba safai jikinsu ke zama a kan ƙarfin lantarki ɗaya cif ba. Taransifomar da ke cikin kowacce tana ɗan yoyo, cajar kwamfuta da wutar talabijin na zamani suna nasu yoyon, wayar ƙasa ta wannan soket ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. Da zarar ka haɗa su da waya, ɗan wannan bambancin sai ya sami hanya, wuta ta riƙa gudana a cikin ragar. Raga kuwa tana da 'yar turjiyarta komai ƙanƙantarta, don haka wani ɗan ƙarfin lantarki zai bayyana tsakanin ƙarshenta biyu. Na'ura mai karɓa ba ta da yadda za ta bambance shi da waƙa, tunda a hanya ɗaya suka iso. Sai ta ƙara musu ƙarfi tare ta miƙa wa lasifika.

Mu yi ɗan lissafi don a ga girman abin. A ce wutar da ke bin ragar kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ce, turjiyar ragar kuma rubu'in om. Abin da zai bayyana shi ne rubu'in milibolt. Na'urar CD takan fitar da bolt 2 a iyakar ƙarfinta, don haka hayaniyar tana ƙasa da kiɗan da wajen desibel 78. A takarda kamar ba komai. Amma waƙa ba kullum take a iyakar ƙarfinta ba, kuma da dare, in gari ya yi tsit aka zo wurin da mai karatu ya ja numfashi tsakanin aya da aya, abin zai iya leƙowa. In wayar ta ninka tsawo sau biyar, hayaniyar ma ta ninka sau biyar.

Kowa ya san muryar wannan cuta ko da bai san sunanta ba. Ƙugi ne mai kauri, wanda ba ya hawa ba ya sauka, domin bugun wutar gida yake bi: sau 50 a daƙiƙa a Nijeriya da Nijar da Gana da Turai, sau 60 a Amurka. Sau da yawa yana zuwa da 'yan rakiya a 100 da 150 da sama, waɗanda ke mayar da shi kamar zuzar ƙudan zuma, kuma su kunne ya fi tsana.

Ba masu kiɗa ne suka fara gamuwa da wannan ba, masu wayar tarho ne. Layukan tarho na farko waya ɗaya ce tak, ƙasar da ake takawa ita ce hanyar dawowa. Da wayoyin telegiraf da na wutar lantarki da na taragon cikin gari suka yawaita, sai hira ta koma hayaniya. A 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗa waya biyu tare, ɗaya ta tafiya ɗaya ta dawowa, ba ruwansu da ƙasa. Daga gidan tarho dabarar ta shiga gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar sauti, inda waya kan yi tafiyar mita hamsin ko ɗari tana ratsa fitilu da injina. Shi kan XLR ɗin daga kamfanin James Cannon na Los Angeles ya fito a shekarun 1950, shi ya sa har yau sunan mutumin ke bakin masu sana'ar. RCA kuwa tarihinsa daban ne. Kamfanin Radio Corporation of America ya fito da shi tun wajen ƙarshen shekarun 1930 zuwa farkon na 1940 don a jona garmaho da rediyon da ke kusa da shi, da 'yar gajeriyar waya, cikin araha. Bai taɓa cewa shi na dogon zango ba ne. Har ma yana da wani aibi da kowa ya ji: ƙafar tsakiya ce ke fara taɓawa kafin ragar, shi ya sa lasifika ke yin gurnani in ka cusa shi na'ura na kunne. A XLR an tsara ƙafar garkuwa ta riga sauran shiga.

To yaya mai ƙafa ukun ke aiki? A cikinta akwai waya biyu iri ɗaya, a murɗe da juna, sai raga a bayansu. Ƙafa ta 1 ta ragar ce, ta 2 da ta 3 na wayoyin biyu, tsarin da ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta tsayar a 1992. Na'ura mai karɓa ba ta duban raga ko kaɗan wajen awo. Bambancin da ke tsakanin waya ta 2 da ta 3 kawai take dubawa. Duk abin da ya hau su biyun daidai wa daida, in aka ɗebe wannan daga wancan, sai ya ɓace. An raba wa raga aikinta, ta koma gadi kawai.

Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne wai waya ɗaya na ɗauke da sautin a miƙe, ɗayar na ɗauke da shi a kife, kuma wannan kifewar ce ke kashe hayaniya. Ba haka ba ne, kuma kuskuren ya jawo ruɗani mai yawa. Ka ɗauki sikelin mahauci mai faranti biyu a ranar da hazo ya sauko. Ƙura na zuba a kan farantan, amma allura ba ta motsi, domin abin da ya sauka a dama shi ya sauka a hagu. Ka ɗora nama a faranti ɗaya kawai, awo zai fita daidai, ƙurar ba ta shiga lissafi ba. Ba sai ka cire wani abu daga ɗaya farantin ba. Amma a ce farantin dama ya fi na hagu faɗi. Yanzu ya fi tara ƙura, allura za ta karkata ko babu nama a kai. Daidaiton da ake magana a kai na farantan ne, ba na naman ba. A harshen lantarki, turjiyar da kowace waya ke gani tsakaninta da ƙasa ita ce ya kamata ta zama ɗaya, a wurin mai aikawa da wurin mai karɓa. Bill Whitlock na kamfanin Jensen Transformers ya shafe shekaru yana nanata wannan, kuma hujjarsa mai sauƙi ce: ka kashe waƙar gaba ɗaya, layin zai ci gaba da kore hayaniya, alhali babu wani sauti a miƙe ko a kife a cikinsa. Shi ya sa akwai na'urorin aiki da yawa da ke tura sauti ta ƙafa ta 2 kaɗai, su sa wa ta 3 turjiya daidai da ta 'yar uwarta, kuma suna aiki lafiya lau.

Wannan ya kai mu ga abin da mai shago ba ya son faɗa. Daidaiton ba a cikin waya yake zaune ba, a cikin na'urorin da ke ƙarshenta biyu yake. Waya dai ta zama tagwaye a murɗe da raga mai kyau, shi ke nan ta gama nata. Nawa ne za a kore daga hayaniyar, wannan aikin da'irar da ke karɓa ne. Mai kyau tana iya rage ta sau dubu, wato desibel 60, ko fiye. Wadda aka haɗa da kayan da ba su yi daidai da juna ba za ta yi ƙasa da haka nesa. Akwai kuma na'urorin gida da aka manna wa ramin XLR don ado, a ciki an jona ƙafa ta 2 da da'irar RCA ɗin nan dai, an watsar da ta 3. Riga ce ta malamai a jikin wanda bai yi karatu ba.

Ko a cikin kayan ƙwararru an daɗe ana wani kuskure. A 1995 wani injiniya mai suna Neil Muncy ya wallafa bincike a mujallar AES a kan abin da ya kira matsalar ƙafa ta 1. Masu ƙera na'urori da yawa, maimakon su ɗaure ragar a jikin ƙarfen akwatin daidai inda ta shigo, sai su ja ta har cikin allon da'ira su haɗa ta da ƙasar sauti. Duk dattin da raga ta kwaso a hanya sai ya bi ta tsakiyar gida kafin ya fita. Sakamakon shi ne na'ura mai XLR da ke ƙugi kamar ba ta da shi. Sai a 2005 aka fitar da ƙa'idar AES48 da ta fayyace inda ya kamata a ɗaure ragar. Wanda ya sayi tsohon kaya na hannu, ko sabo marar asali, yana iya cin karo da wannan har gobe.

Saura batun kunne. Mutane masu gaskiya, ba 'yan talla ba, sukan ce sun sauya daga RCA zuwa XLR a na'ura ɗaya sun ji sauti ya buɗe, ganga ta ƙara nauyi. Ban ƙaryata su ba, sun ji wani abu. Amma a duba takardar na'urar. Mafi yawan masu fitar da bolt 2 ta RCA suna fitar da bolt 4 ta XLR. Ninki biyu ke nan, desibel 6, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. An daɗe da sanin cewa in aka ba mutum sauti iri ɗaya sau biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi ko da kaɗan ne, wanda ya fi ƙarfin zai zaɓa, kuma ba zai ce ya fi ƙarfi ba, cewa zai yi ya fi kyau. Duk gwajin da ba a daidaita ƙarfin ɓangarorin biyu da na'urar awo ba, ba wayoyi aka gwada ba, maɓallin ƙara murya aka gwada. Haka nan tsakanin kayan gida da na situdiyo akwai tazara ta asali: ma'aunin na gida wajen bolt 0.316 ne, na ƙwararru bolt 1.228, kusan desibel 12 tsakani. Wanda ya jona wannan da wancan bai lura ba, ko dai sauti ya fito a shaƙe ko ya fashe.

Akwai ma inda XLR ke iya zama koma baya kaɗan. Na'urar da cikinta ba mai daidaito ba ce sai ta ƙara wata da'ira a bakin ƙofa don ta karɓi waya biyun ta mayar da su ɗaya, kuma mafi arahar irin wannan da'ira tana da ɗan shuu nata da ya fi na shigar RCA kai tsaye. A gefe guda, na'urar da aka gina ta biyu-biyu tun daga ƙofa har ƙofa tana soke wani kaso na gurɓatar sautin da ita kanta ke haifarwa, kuma irin wannan ta XLR ne take nuna iyakar iyawarta. Wato amsar tana wurin maƙerin na'urar, ba wurin mai sayar da waya ba.

Maganar cewa doguwar RCA na cinye siririn sauti kuwa, an zuzuta ta fiye da kima. Waya ta gari mai mita 1 a bayan na'ura mai turjiyar fita om 100 ba ta fara rage komai sai an haura bugu miliyan goma a daƙiƙa, kunnen ɗan Adam kuwa a 20,000 yake tsayawa, shi ma na yaro. Inda abin ke da tasiri shi ne allurar garmaho, mai fitar da wajen milibolt 5 ko ƙasa da haka. Nan kam gajeriyar waya ake so, da 'yar wayar ƙasan nan da ake ɗaurewa a bayan amfilifaya.

A falon da na'urar CD ko ta intanet ke zaune a kan amfilifaya, waya ba ta wuce mita ɗaya ba, duka an jona su a soket guda, RCA ta wadatar, kuma ba na jin akwai kunnen da zai raba ta da XLR in an daidaita ƙarfi an rufe ido. Amma falo na canzawa. Yanzu mutane na sayen lasifika masu amfilifaya a cikinsu, kowacce da wayar wutarta, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, a jona su da kwamfuta. Ko a kai sabufa bayan kujera da waya mai mita shida. Ko a haɗa talabijin da dikoda da eriyar da ke kan rufi, wadda ita ma ta zo da tata ƙasar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce ga ƙugi, kuma a nan ne mai ƙafa uku ke cin kuɗinta.

A garuruwanmu akwai ƙarin dalili. Gidaje da yawa ba a kafa musu wayar ƙasa ta gaskiya ba, ramin sama na soket ɗin hoto ne kawai. Wuta kuma yau ta layi ce, an jima ta janareta, da dare ta inbata, kuma ƙananan inbata masu araha wutarsu ba sumul take fita ba, tana da kaifi da ke shiga kayan sauti a matsayin zuza. Na taɓa shafe mako ina zargin amfilifayata, na sauya waya har sau uku, ashe wayar eriya ce da ke shiga dikoda. Ina zare ta ɗakin ya yi shiru kamar an ɗauke ruwan sama. Da na sayi wayar RCA mai tsadar da aka yi mini tallarta, da ba abin da zai canza, domin hanyar da wutar ke bi tana nan.

Don haka kafin a sayi komai, gwajin kyauta ne. A kunna kayan, a tsayar da waƙa, a ɗaga murya zuwa inda aka saba ji, a zauna inda aka saba zama. In shiru ne, an gama. In akwai ƙugi, a riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Sau da yawa mayar da dukan na'urorin kan soket ɗaya ya isa. In talabijin ce, wayar haske ta TOSLINK, wadda Toshiba ta fito da ita a 1983, tana yanke matsalar daga tushe tunda babu ƙarfe a cikinta da wuta za ta bi. Akwai kuma 'yar taransifomar raba ƙasa da ake sakawa a tsakiyar layin RCA ko na eriya. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafar ƙasa ta filogi. Ƙugin zai iya tafiya, amma ranar da waya ta sunce ta taɓa jikin akwatin, mai taɓa shi ne zai zama hanyar wutar. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kan da ke mayar da XLR zuwa RCA shi ma a yi hattara da shi. Ba ya ƙirƙirar daidaito, ramin kawai yake sauyawa, kuma wasu na'urorin ba sa jure a haɗe musu ƙafa ta 3 da ƙasa, abin da yawancin irin waɗannan kawunan ke yi a ɓoye. Sai a duba littafin na'urar tukuna. Haka ramin milimita 4.4 da ake sa wa na'urorin sauraro na kunne, wanda Sony ta fara yaɗawa a 2016, ana kiransa balans amma hikimarsa daban ce: ƙarin ƙarfi ne da raba hanyar dawowar kunnen dama da ta hagu, ba korar ƙugi ba.

Ni dai in na'urorina biyu duk suna da XLR na gaskiya, shi nake sakawa, ko da tazarar taku ɗaya ce. Ba don ina sa ran jin wani sabon abu a waƙar ba. Kan yana kullewa ba ya zamewa, ba ya gurnani in an cusa shi, kuma ranar da aka kawo wata sabuwar na'ura cikin ɗakin da nata yoyon, ba sai na sake rarrafe a bayan kanta da tocila ba. Wayar da nake saya kuwa ita ce irin ta makirfo da masu situdiyo ke yanka daga nadi, a kai wa mai gyaran rediyo ya liƙa mata kai biyu da dalma, a tabbatar ƙafa ta 1 ta tafi ga ta 1, ta 2 ga ta 2, ta 3 ga ta 3.